Na danna maɓallin aikawa, burauza ta ce sikirif ya samu matsala: daga ina zan fara gyara?

Tambaya: Malam, akwai wani shafin intanet da nake cike fom a cikinsa. Sai na gama rubuta dogon bayani, na danna maɓallin aikawa, sai ko dai ya yi shiru kamar ban taɓa shi ba, ko ya yi ta juyawa ba iyaka, wani lokaci kuma ɗan akwati ya fito da rubutun "script error". A wayar abokina shafin yana aiki lafiya lau. Wasu sun ce in goge komai na burauzar, wasu sun ce ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar. Me zan yi?

Amsa: Kafin ka taɓa komai, ɗan'uwa, ka ceci rubutunka. Danna cikin akwatin da ka yi rubutun, ka latsa Ctrl da A, sannan Ctrl da C, ka liƙa shi a Notepad ko duk inda kake ajiye rubutu. A waya kuma ka danne yatsa a kan rubutun, ka zaɓe shi duka, ka kwafa. Kusan kowane gwaji da zan ba ka sai an sake loda shafin, kuma fom da yawa ba sa riƙe abin da aka rubuta idan aka sake loda su. Ya fi ma ka mayar da shi ɗabi'a: dogon rubutu a yi shi a wani wuri daban, in an gama a kwafo a zuba cikin fom.

Batun ƙwayar cuta kuwa, ka kwantar da hankalinka. Irin abin da ka bayyana da wuya ya zama ita ce. Shawarar goge komai ma ban goyi bayanta a matakin farko ba. Za ka fita daga duk asusun da ka shiga, ka rasa saituna, kuma ko an dace ya gyaru, ba za ka san abin da ya lalace ba, gobe ya dawo. Kamar mai ciwon haƙori ne ya shanye duk magungunan da ke cikin gida. Abin da muke nema shi ne mu gano a hannun wa matsalar take: burauzarka, hanyar intanet ɗinka, ko masu shafin. Ana gano hakan ne ta hanyar canja abu ɗaya tak a kowane gwaji.

Sikirif ɗin da ake magana umarni ne da aka rubuta da harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995. A da can, idan ka danna aikawa, burauza da kanta take kwashe abin da ke cikin fom ta miƙa wa sabar, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, sabon shafi ya buɗe. Yanzu yawancin shafuka sun ɗora wannan aikin a wuyan sikirif. Shi zai duba ko ka cike duk gurabe, shi zai karɓo shaidar cewa kai mutum ne ba na'ura ba, shi zai haɗa rubutunka da wata lambar tsaro da sabar ta ba shafin lokacin da ka buɗe shi, ya aika a bayan fage, ya jira amsa, sannan ya nuna maka "an karɓa". JavaScript kuwa yana da hali guda: idan ya ci karo da kuskure a tsakiyar aiki, kuma mai rubuta shi bai tanadi abin da zai tare kuskuren ba, nan take yake ajiye aikin, layukan da ke ƙasa ba za su gudana ba. Shi ya sa maɓallin yake yin shiru. Dannawarka ta isa, umarnin da ya kamata ya amsa ta ne ya mutu a hanya.

Cewa shafin yana aiki a wayar abokinka bayani ne mai amfani, ya nuna shafin bai mutu gaba ɗaya ba. Amma bai wanke masu shafin ba tukuna, domin tsakaninka da shi akwai bambanci aƙalla uku: burauza, layin intanet, da asusu. Sai mu warware su ɗaya bayan ɗaya.

Gwaji na farko, wanda ya fi kowanne saurin ba da amsa, shi ne tagar sirri. A Chrome da Edge ka latsa Ctrl, Shift da N. A Firefox kuma Ctrl, Shift da P. Buɗe shafin a can, ka shiga asusunka, ka gwada aikawa. Wannan taga tana farawa ne ba tare da tsofaffin kukis ba (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauza don su tuna da kai), ba ta amfani da fayilolin da burauza ta adana tun da, kuma ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza ba sa aiki a cikinta sai in kai ka ba su izini. Idan fom ya tafi a nan, to mai yiwuwa matsalar tana gidanka, cikin waɗannan ukun. Idan bai tafi ba, gwada wata burauza daban a na'urar. Ka lura, Chrome da Edge da Brave da Opera duk inji ɗaya suke amfani da shi, wato Chromium, don haka gwaji na gaskiya shi ne daga ɗayansu ka koma Firefox. In har yanzu shiru, canja layi: daga Wi-Fi ka koma datar waya, ka kashe VPN in kana da shi.

A ce tagar sirri ta yi aiki. Wanda na fi zargi su ne ƙananan manhajojin nan da ake liƙawa, musamman masu toshe talla da masu hana bibiya irin su uBlock Origin, Adblock Plus, Privacy Badger da NoScript. Manhajoji ne masu kyau, kuma ba na ba kowa shawarar ya rabu da su. Sai dai suna aiki ne da jerin adireshi da sunayen fayilolin da aka san na talla ko bibiya ne, kuma wani lokaci fayil ɗin da fom yake dogaro da shi yana faɗawa cikin tarkon. Abin da ya fi muni shi ne inda mai shafi ya rubuta umarninsa ta yadda sai sikirif ɗin ƙididdigar baƙi ya loda kafin maɓallin aikawa ya yi aiki. Wannan sakacin mai shafi ne, amma kai zai shafa. Maganinsa ka danna alamar manhajar ka kashe ta a wannan shafin kaɗai, ka sake lodawa. Idan manhajojin suna da yawa, kada ka bi su ɗaya-ɗaya: kashe rabi, gwada, in ya yi aiki, mai laifin yana cikin rabin da ka kashe, sai ka sake raba shi biyu. Da haka ko guda goma sha shida ne, gwaji huɗu ya isa.

Akwai wani abu da mutane ba sa kawo shi a rai, wato fassarar shafi ta atomatik. Idan ka bar Chrome ta fassara maka shafi, tana shiga cikin ginin shafin ne ta cire rubutun asali ta sa nata. Shafukan da aka gina da React (wani kayan gina shafuka) da makamantansa suna riƙe da lissafin kowane guntun rubutu da suka ajiye. In suka zo canja wani guntu, misali su mayar da "Aika" zuwa "Ana aikawa", suka tarar an ɗauke shi, sai su faɗi, har wani lokaci shafin ya koma fari fat. Duk mai amfani da fassara ya mayar da shafin harshensa na asali, ya sake lodawa, sannan ya cike fom. Manhajojin gyaran nahawu da na cike kalmar sirri su ma suna sa hannu cikin akwatunan rubutu, a saka su cikin waɗanda ake zargi.

Sai kukis. Fom da yawa ba na shafin da kake gani ba ne. Wani kamfani ne daban yake samar da shi, an dasa shi a cikin shafin. A idon burauza wannan baƙo ne, kukis ɗinsa kuma na ɓangare na uku ne. Safari ta toshe irin waɗannan kukis gaba ɗaya tun watan Maris na 2020. Firefox ta fara toshe na masu bibiya ga kowa a 2019, a 2022 kuma ta ware wa kowane shafi rumbun kukis nasa daban. Alamar wannan matsala a bayyane take: ka shiga asusu, amma fom yana ta ce maka ka shiga, ko ya mayar da kai farko. A Firefox akwai alamar garkuwa a gefen adireshi, danna ta ka kashe kariyar a wannan shafin kawai. A Brave alamar zaki ce. A Chrome ana ba shafi izini ta alamar da ke hagun adireshi.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi kama da naka, saboda ka ce dogon bayani kake rubutawa. Lambar tsaron da na ambata tana da wa'adi, haka ma zaman da ka buɗe lokacin shiga asusu. An sa ta ne don kada wani shafin mugunta ya aika fom da sunanka ba ka sani ba. Idan ka buɗe fom da safe, ka yi ta rubutu kana tashi kana dawowa, ko ka bar kwamfutar ta yi barci, lambar tana iya mutuwa shafin yana nan buɗe a gabanka kamar ba abin da ya faru. Ka danna aikawa, sabar ta ƙi karɓa. Shafukan da aka gina da Laravel sukan nuna "419 Page Expired", na Django su ce "CSRF verification failed". Waɗannan ma sun kyauta, sun faɗi abin da ya faru. Da yawa kuwa sabar tana mayar da shafin shiga asusu ne a matsayin amsa, sikirif yana jiran gajeren saƙo mai tsari, ya ga abin da bai iya karantawa ba, ya faɗi, maɓalli ya ci gaba da juyawa. Shaidar sanya alamar "ni ba mutum-mutumi ba ne" ta reCAPTCHA ma minti biyu take yi ta lalace, don haka a bar ta sai an gama rubutu. Hanyar gwada wannan mai sauƙi ce: kwafe rubutun, sake loda shafin, shiga asusu in an nema, liƙa, aika nan take. Idan ya tafi, ba abin da ya lalace a na'urarka, lokaci ne ya ƙure.

Fayilolin da burauza ta adana su ma suna jawo rikici bayan masu shafi sun sabunta shi: sabon shafi ya haɗu da tsohon sikirif, ba su fahimci juna ba. Latsa Ctrl, Shift da R don a ɗauko komai sabo. In bai isa ba, goge bayanan wannan shafin shi kaɗai ta alamar da ke gefen adireshi. Ba sai an share na duk duniya ba.

Ban san shekarun na'urarka ba, amma akwatin da ka ce yana fitowa ya sa dole in yi maganar tsufa. Akwatin da ke cewa an samu kuskure a sikirif ɗin wannan shafi, yana tambaya ko a ci gaba da gudanar da sikirif, na Internet Explorer ne, da tsofaffin manhajojin Windows da ke aron injinta. Microsoft ta daina tallafa wa Internet Explorer 11 a ranar 15 ga Yuni, 2022. Za ka ga ana ba da shawarar a shiga saituna a kashe sanarwar kuskuren. Wannan ɓoye akwatin kawai yake yi, fom ba zai tafi ba. Chrome kuma ta tsaya a siga ta 109 ga masu Windows 7 da 8.1 tun farkon 2023. Harshen JavaScript yana samun ƙari duk shekara, kuma tsohuwar burauza in ta ga salon rubutun da ba ta sani ba, ba layin kaɗai take tsallakewa ba, fayil ɗin gaba ɗaya take ƙi. A waya akwai abubuwa biyu makamantan wannan. Opera Mini a yanayin matse data mai tsanani tana sarrafa shafin ne a sabar kamfaninta ta turo maka sakamakon, don haka sikirif ba ya gudana yadda aka tsara shi. Sannan idan ka buɗe mahaɗi daga cikin Facebook ko Instagram, a ƙaramar burauzar cikin manhajar yake buɗewa, wadda ba ta san ka shiga asusunka a Chrome ba. Danna ɗigo ukun nan ka zaɓi buɗewa a burauza. A Android ka tabbata Chrome da Android System WebView duk an sabunta su daga Play Store.

Ka kuma duba agogo da kwanan watan na'urar. In sun kauce sosai, burauza tana ganin takardun shaidar tsaro na sabobi kamar sun ƙare ko ba su fara aiki ba, ta ƙi ɗauko fayiloli daga can.

Idan kuwa canja layi ne ya gyara, to wani abu a hanya yana tare wani adireshi. Intanet na ofis ko makaranta, matatar DNS (tsarin da ke tare wasu adireshin shafuka), VPN, da manhajar riga-kafin da ke leƙa cikin shafuka duk suna iya yin haka. Masu tantance mutum irin su reCAPTCHA, hCaptcha da Turnstile na Cloudflare sukan tsananta wa adireshin VPN saboda mutane da yawa suna fita ta ƙofa ɗaya. Layi mai rauni ma yana da nasa: rubutun shafi ya bayyana, kai kana ganin an gama, alhali sikirif bai gama sauka ba.

Duk wannan gwaji ne daga waje. In kana son ka ji daga bakin burauzar kanta, a kwamfuta latsa F12 ka zaɓi Console, wato wurin da burauza ke rubuta kurakuran shafi, ko Ctrl, Shift da J a Chrome, Ctrl, Shift da K a Firefox. Kada jan rubutu ya tsorata ka; shafuka masu lafiya ma suna da shi. Share abin da ke wurin, danna maɓallin aikawa, ka karanta layin farko da ya fito, domin na bayansa galibi 'ya'yansa ne. Idan ka ga "ERR_BLOCKED_BY_CLIENT", daga na'urarka aka toshe, kusan kullum mai toshe talla ne. "jQuery is not defined" ko "grecaptcha is not defined" na nufin wani fayil da ake buƙata bai iso ba, ko an kira shi kafin ya iso. Kuskuren da ya ambaci "removeChild" yakan nuna fassara ko wata manhaja ta taɓa shafin. "Unexpected token" tare da alamar < shi ne abin da na bayyana ɗazu, sabar ta turo shafi a inda ake jiran gajeren saƙo. "Cannot read properties of null" kuma sikirif ne ya nemi wani abu a shafin bai same shi ba. In yana fitowa har a tagar sirri da wata burauza, aikin masu shafi ne. Haka duk saƙon da ya ambaci CORS, Content Security Policy ko Mixed Content: saitin sabar ne, in dai ba wata manhajarka ce ta jawo shi ba, babu abin da za ka iya gyarawa daga wurinka.

A nan dole in ja kunne da babbar murya. Kada ka liƙa wani umarni a cikin Console don wani ya ce zai gyara maka. Duk abin da aka liƙa a wurin yana gudana ne da ikon asusunka, kuma da wannan dabarar ake sace asusun mutane. Shi ya sa Facebook ke rubuta gargaɗi da manyan haruffa a wurin, Chrome kuma take sa mutum ya rubuta amincewa da hannunsa kafin ta bari ya liƙa. Haka kuma duk akwatin "kuskure" da ya ba ka lambar waya ka kira, ko ya ce ka sauke wata manhajar gyara, damfara ce. Burauza ba ta yin haka. Rufe shafin kawai.

Kusa da Console akwai Network, inda ake ganin abin da burauza ta aika wa sabar da amsar da ta samu. Buɗe shi kafin ka danna aikawa, za ka ga sabon layi ya bayyana da lamba. In babu layin da ya fito sam, sikirif ya mutu kafin ya aika. Lamba 200 na nufin sabar ta amsa, kuma mai yiwuwa saƙonka ya shiga ko da shafin bai nuna ba. 401 da 403 ƙin izini ne: zama ya ƙare, lambar tsaro ta mutu, ko katangar tsaron shafin ta zargi rubutunka, abin da kan faru in akwai mahaɗai da yawa ko alamomin da suka yi kama da umarnin kwamfuta. Gwada aika gajeren rubutu mara alamomi, in ya wuce ka san daga abin da ke ciki ne. 413 na nufin abin ya yi girma, yawanci hoto ko fayil da aka haɗa. 429 ka yawaita dannawa, sai ka dakata. Daga 500 zuwa sama kuwa sabar ce ba ta da lafiya, ba ruwan na'urarka.

Wani saƙon daban ne da ake rikita shi da wannan: burauza ta ce shafi ya daina amsawa, ko yana rage mata gudu, ta ba ka zaɓin jira ko tsayarwa. Wannan sikirif bai faɗi ba, ya riƙe aiki ne ya ƙi saki. Zaɓi jira sau ɗaya, rufe sauran shafuka don ƙwaƙwalwar na'urar ta samu sarari. Tsayarwa tana iya kashe umarnin da fom ke buƙata.

Ga masu gina shafi da za su karanta wannan: in rahoton kurakuranku yana nuna "Script error." kawai, a layi na 0, ba sunan fayil, burauza ce ta ɓoye bayanin da gangan saboda sikirif ɗin daga wani yanki daban ya zo. Ku sa crossorigin="anonymous" a alamar sikirif ɗin, sabar da ke ba da shi kuma ta turo Access-Control-Allow-Origin, za ku ga ainihin kuskuren. Kuma don Allah ku sa fom ya riƙe rubutun mutum in aikawa ta gaza, ya kuma gaya masa dalili. Barin maɓalli yana juyawa ba bayani zalunci ne ga wanda ya ɓata awa guda yana rubutu.

Idan ka gwada tagar sirri, wata burauza da wani layi duk abu ɗaya, saura asusu: ka shiga da naka a wayar abokin nan naka, ka fita in ka gama. In ya ƙi a can ma, matsalar tana tattare da asusunka a wurin masu shafin. Rubuta musu, ka faɗi adireshin shafin, sunan burauza da sigarta, irin na'urar, lokacin da abin ya faru, abin da ka danna, da layin farko na jan rubutun ko lambar da ka gani a Network. Ka duba hoton allo kafin ka tura, kada ya ɗauki bayanan sirrinka. In suka nemi fayil ɗin HAR, wato kwafin duk abin da Network ta nuna, ka sani yana iya ƙunsar abin da ka rubuta a fom da bayanan zamanka, don haka ta hanyar tallafinsu ta hukuma kaɗai za ka tura shi. Kafin su amsa, in fom ɗin na biyan kuɗi ne ko na rajista, kada ka yi ta danna maɓallin. Duba imel ɗinka ko tarihin asusun tukuna, domin sau da yawa na farkon ya riga ya shiga.